MUTANEN JIYA: Alhaji Umaru na Karaci, malamin hanyar goro

A wannan fili namu mu kan ɗauko mutum guda daga cikin magabata, mu duba yadda ya yi zamansa da abin da ya bar mana.

Duk yaron da ya shiga lakwal a ƙasar nan ya san Behanzin sarkin Abome. Ya san Bio Gera wanda ya yi wa Faransawa bore a Bargu a shekarar 1916, ga ma mutum-mutuminsa bisa doki a cikin Faraku. Ya san Kaba na duwatsun Atakora. Wannan kuwa daidai ne, domin jarumawan ƙasarmu ne mu duka. To amma ka tsayar da ɗan zango, na Faraku ko na Zugu, ka ce ya kawo maka sunan Bahaushe guda wanda ya yi zamani da waɗannan, sai ka ga ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne. Littafin lakwal bai faɗa masa ba, mu ma a gida ba mu faɗa masa ba. Saboda haka a wannan wata na ɗauko muku Alhaji Umaru na Kete Karaci, mutumin da ya yi irin zaman da mu ke yi, watau zaman zango nesa da ƙasar Hausa, ya kuwa bar suna har Turai.

HANYAR DA TA KAWO MU

Ba za a gane Alhaji Umaru ba sai an gane hanyar goro. Goron da a ke ci a Kano da Katsina da Sakkwato a wancan zamani daga kurmin Asante ya ke fitowa, ƙasar mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Su Tonawa ba su barin fatake su shiga kurmin, sai dai su kawo goron kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, can a ke ciniki. Ayari ya kan tashi daga Kano da kanwa da turkuɗi da riguna da jan fata da gabu, bisa jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro, ya ƙetare Kwara, ya faɗa ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki, wasu ayarorin su ratsa Faraku, a sauka Zugu, wadda Faransawa su ka rubuta Djougou, daga nan a nufi Yandi da Salaga. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba, kuma madugu ne ke zama da sarakunan hanya a daidaita abin da za a biya kafin a wuce, domin a Bargu ayarin da bai daidaita ba ya kan gamu da mahara. A dawowa kuma ga wahalar goron kansa, wanda sai an riƙa kwance huhu a hanya, a na tsince ruɓaɓɓe, a na yayyafa ruwa, a na sauya ganye.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne ke wannan tafiya. Baturen Ingila mai suna Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama cikin Bargu a 1826, su na dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su sun haura mutum dubu, maza da mata. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne su ka shahara da wannan fatauci. Ba kowa ke komawa gida ba. Wani ciwo ya tsare shi, wani ya yi aure, wani ya ga gara ya zauna ya zama mai masauki ko dillali. Da irin waɗannan, da waɗanda su ka biyo bayansu, zangunanmu su ka kafu kusa da unguwannin Wangarawa da Dandawa waɗanda su ka riga mu zama.

BAKABE, BAKANO, BASALAGE

A Kano aka haifi Umaru wajen shekarar 1858. Mahaifinsa Abubakar malami ne kuma farke, asalin gidansu kuwa Kabi. Ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya ci gaba da karatun littattafai, sa'an nan ya fita neman ilmi wajen malaman ƙasar Gobir da Sakkwato da Kabi. A tsakanin haka ya na bin mahaifinsa fatauci, saboda haka tun ya na saurayi ya san buzu, ya kuma san mangala.

Abin da zai nuna maka kaifin yaron shi ne, tun bai wuce shekara 20 ba, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda a ke rubuta wasiƙa, da misalan wadda za a aika wa sarki da wadda za a aika wa malami ko aboki. Wanda ya san fatauci ya san dalili. Farke na Salaga, iyalinsa na Kano, bashinsa na Zugu, babu abin da ke haɗa su sai takardar da za a ba wani madugu ya kai.

A rubuce-rubucensa na Larabci a na danganta shi da garuruwa uku, Kabi da Kano da Salaga. Na tsaya a kan wannan ne domin 'yan'uwanmu matasa da ke jin nauyi in an tambaye su su 'yan ina ne. Wani in ya je Kano a ce masa ɗan Benin, in ya sauka Kwatano a ce masa ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar, sai ya rasa tudun dafawa. Alhaji Umaru bai zaɓi ɗaya ya yar da biyu ba. Garin kakanni nasa ne, garin haihuwa nasa ne, garin zama ma nasa ne.

RUSHEWAR SALAGA

A 1892 ya tare a Salaga da niyyar zama, ya na da shekara kamar 34. Sai dai ya iske garin ya fara tangaɗi. Tun 1874, sa'ad da Ingilishi su ka ci Kumasi da yaƙi, Gwanjawa su ka ɓalle daga Tonawa, su kuma Tonawa su ka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, ba goro kaɗai a ke sayarwa a Salaga ba, babbar kasuwar bayi ce, kuma akwai hannun fatakenmu a cikin wannan mugun ciniki.

A ƙarshen shekarar da ya sauka, rikicin sarauta tsakanin gidajen Kpembe, inda sarkin da ke mulkin Salaga ke zaune, ya zama yaƙin basasa. Aka ƙone gari, baƙi su ka watse, wasu su ka nufi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete Karaci a bakin kogin Bolta. Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma yi waƙoƙi a kai, waɗanda har yau masu binciken tarihin Gana ke dogara da su. Hausawa su ka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 'yan shekaru kaɗan Turawa su ka shigo Salaga babu mai tare su.

Wajen 1896 ya koma Kete Karaci, wadda a lokacin ta riga ta shiga hannun Jamusawa, cikin mulkinsu na Togo. Nan ya buɗe makaranta, ya zama limamin gari, ɗalibai na zuwa daga nesa. Da yawa daga cikin manyan malaman zangunan Gana na ƙarnin da ya wuce, in ka bi salsalar karatunsu, za ka ga ta ratsa ta zaurensa.

YADDA AKA YANKA HANYA UKU

Ku duba abin da ya faru cikin shekara goma kacal. A 1894 Lugga na Ingila da Decoeur na Faransa su ka yi tseren zuwa Nikki, kowa na neman sarki ya sa masa hannu a takarda. A 1897 Faransa da Jamus su ka shata iyakar Dahome da Togo. A 1898 Faransa da Ingila su ka raba Bargu biyu, Nikki da Faraku su ka faɗo wa Faransa, Busa da Kayama su ka faɗa wa Ingila. A 1903 Kano da Sakkwato su ka faɗi. Hanyar da ta ke guda ɗaya tun kaka da kakanni ta zama ta ratsa mulki uku, kowanne da kwastansa da harshensa. Daga baya jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko a ɗora shi a jirgi, ayarin ƙasa ya mutu. Wannan shi ne asalin yadda jikan madugu ya wayi gari a Zugu ya na karatu da Faransanci, ɗan'uwansa a Kumasi ya na yi da Ingilishi.

Alhaji Umaru na cikin 'yan kaɗan da su ka rubuta wannan al'amari ya na faruwa. Ya yi waƙoƙi biyu na Larabci wajen 1899 da 1900 a kan zuwan Turawa, ya kuma yi ta Hausa wadda aka fi sani da Waƙar Nasara a 1903. A cikinsu ya bayyana yadda su ka fara zuwa da lallami da sunan ciniki, sa'an nan su ka juya, ya kuma jera garuruwa da sarakunan da su ka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Tarihin da mu ke koyarwa a aji yawancinsa daga rahotannin kwamandoji aka tsamo shi. Ga shaidar mutumin da aka ci da yaƙi, da harshenmu, amma ɗalibanmu ba su taɓa jin ta ba.

Akwai kuma Waƙar Talauci da Wadata, inda ya kwatanta yadda jama'a ke wulakanta matalauci ko da ya na da gaskiya, su ke girmama mawadaci ko da ba shi da ita. Wanda ya zauna kasuwar Arzeke yini guda ya san zancen bai tsufa ba.

MALAM DA BAJAMUSHE

Wani abin da mutane kan yi gardama a kai shi ne zamansa da Adam Mischlich, Bajamushen da ya yi mulkin Kete Karaci. Wannan Bature ya zauna gaban Malam Umaru ya ƙaro Hausa, ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Balin a 1906, ya kuma roƙi malam ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa. Malam ya zauna ya rubuta da ajami, shafi bayan shafi: tarihin garuruwa irin su Kano da Katsina da Kabi, da yadda a ke noma, da rini da saƙa da ƙira da jima, da sha'anin kasuwa da fatauci, da aure da suna, da zaman bayi da 'ya'ya.

Wasu su kan ce ta yaya mutumin da ya yi waƙar kukan zuwan Nasara zai zauna ya na karantar da ɗaya daga cikinsu? Ni a nawa ganin, malam ya auna ne ya ga ƙarfi ya riga ya ƙare, abin da ya rage shi ne alƙalami. Da ya ƙi, da Bature ya rubuta mu yadda ya ga dama, daga bakin tafinta. Da ya yarda, sai ga shi bayanin da ya fi kowane cika a kan zaman Hausawa na ƙarni na 19 ya fito daga hannun Bahaushe wanda ya rayu a ciki. Mai karatu na da ikon ganin saɓanin haka, filin wasiƙu kuwa a buɗe ya ke.

A 1913 ya tafi aikin hajji, bai dawo ba sai 1918. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Ya dawo ya tarar Jamusawa sun tafi, Ingilishi ke mulkin Karaci, ga kuma annobar mura ta 1918 na kashe mutane, ita ma ya yi mata waƙa. Har waƙar Imru'ul Ƙaisi, mashahurin mawaƙin Larabawa na jahiliyya, ya mayar da ita Hausa, Baturen Ingila Rattray ya buga ta a 1934. A wannan shekara ta 1934 Allah ya yi masa rasuwa a Kete Karaci, ya na da shekara kamar 76. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

INA TAKARDUN SU KE?

Tsohon garin Kete da ya zauna yanzu ya na ƙarƙashin ruwa, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Bolta ya cinye shi, aka tayar da mutane zuwa sabon wuri. Takardunsa kuwa sun tsira ta hanya biyu. Waƙoƙinsa ɗalibai su ka yi ta kwafa hannu da hannu, har Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 ta ɗauki hotunansu ta adana. Waɗanda ya rubuta wa Mischlich su ka tafi Jamus. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya fassara babban kashi daga ciki ya sami digirin dakta da su a Kalifoniya a 1973. Wani shehun malami na ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya yi shekaru ya na aiki a kansu, ya buga rubutun ajamin a Balin a shekarar 2000. Watau ɗalibi a Warso ya fi ɗan zangon Faraku sauƙin samun Alhaji Umaru.

Bari in kawo misali daga nesa don a gane bambancin. A ƙasar Sabiya ta Turai an yi wani mutum mai suna Vuk Karajic, an haife shi a ƙauye a 1787. Sa'ad da Turkawa su ka murƙushe boren mutanensa a 1813, ya gudu zuwa Biyana, can ya yi yawancin rayuwarsa, baƙo kamar Malam Umaru a Karaci. Shi ma wani masani wanda ba ƙabilarsa ba, Kopitar, shi ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya bi tsofaffi da makafi masu waƙa ya rubuta waƙoƙinsu da tatsuniyoyi da karin magana, ya tsara baƙaƙe 30 don a rubuta harshen yadda talakawa ke faɗarsa, ya buga ƙamus a 1818. Malaman coci da manyan gari su ka yi ta yaƙarsa, su na ganin harshen makiyaya bai isa shiga littafi ba. Ya mutu a Biyana a 1864. Bayan shekara huɗu gwamnatin Sabiya ta amince da tsarin rubutunsa, a 1897 kuma su ka ɗauko ƙasusuwansa su ka mayar Belgired da girmamawa. Yau babu ɗan makarantar Sabiya da bai san shi ba. Ban ce ya fi Malam Umaru ilmi ba. Abin da ya samu shi ne mutanensa sun buga aikinsa, sun sa shi a aji.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mu a nan ba mu da gwamnatin da za ta yi mana wannan, mu 'yan tsiraru ne, kuma yaranmu na tashi da Dandanci a kasuwa, Faransanci a aji, Hausa sai ɗan abin da ya saura a tsakar gida. Babu aibi ga sanin harsuna, Malam Umaru kansa da biyu ya ke rubutu. Aibin shi ne a wayi gari jika ba ya iya karanta wasiƙar kakansa.

Saboda haka ina kira ga sarakunan zango da limamai da masu unguwanni, na Faraku da Zugu, har Kandi da Nikki da Malanbil. Gidajen malamai da na tsofaffin fatake da yawa akwai adaka ko gafaka da aka gada, cike da takardu, babu mai buɗewa. Ba duka ne addu'o'i da laƙani ba. A ciki a kan sami wasiƙu, da lissafin bashi, da salsalar gida, da waƙoƙi, watakila ma har da kwafin waƙoƙin shi Alhaji Umaru, tun da ɗalibai da fatake ne su ka yi ta yawo da su. Gara da ɗanshin damina ba su jiran kowa. A fito da su a shanya a inuwa, a raba su da ƙasa, kada a sa su cikin leda su gumu. Wayar hannu da ke aljihun kowane saurayi ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi, takarda kuma ta zauna a gidan masu ita, ba wanda ya ce a ba wani. Wanda ke tsoron a ga asirin gidansu ya ware abin da ya ke na asiri, ya fito da saura.

Na biyu, tsofaffin da su ka ji labarin ayari daga bakin waɗanda su ka bi shi sun kusa ƙarewa. Kowane gida a sami yaro guda ya zauna da kaka, ya tambaye ta daga wane gari aka taso, wane ne ya fara sauka nan, a gidan wa ya sauka, wace sana'a ya yi, ya ɗauki muryarta, sa'an nan ya rubuta. 'Yan'uwana malaman lakwal, wannan aikin gida ne da za mu iya ba ɗalibai a lokacin hutu, ko da Faransanci su ka rubuto an samu. Malaman allo kuma su taimaka wajen karanta ajami, domin mu 'yan boko yawancinmu a nan mu ke makafi. Ranar 26 ga Agusta da a ke bikin Hausa kowace shekara ta isa ta zama ranar da kowane zango zai kawo abin da ya tara, a karanta a gaban jama'a, maimakon a tashi da kiɗa da jawabi kaɗai.

Duk wanda ya sami wata takarda ko wani labari na madugu ko malami ko mai masauki na garinsu, ya aiko wa wannan jarida da sunan wannan fili, za mu buga da yardar masu shi. Da haka wata rana za mu kawo muku mutumin jiya wanda kabarinsa ke nan Zugu ko Faraku.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.